Bututun gaz na Sahara: me Nijar za ta samu idan ya ratsa ƙasarta?

Sama da shekaru 20 ke nan ana maganar wani ƙaton bututu da zai ɗauko iskar gaz daga kudancin Najeriya, ya ratsa Nijar, ya kai ta Aljeriya, daga can kuma ta tsallaka teku zuwa Turai. Duk lokacin da ministoci suka sa hannu kan sabuwar takarda, tambaya ɗaya ce ke dawowa a fada da kasuwa, daga Maradi har Agadas: mu kuma me za mu samu? Ƙasashen da bututu ya riga ya ratsa sun ba da amsa iri biyu. Wasu sun samu wuta da kuɗin shiga na shekaru masu yawa, wasu kuma sun wayi gari an rufe famfo ba su da ta cewa. Abin da ya raba su shi ne abin da aka rubuta a yarjejeniya, da kuma shirin da suka yi kafin ranar.

Daga Warri zuwa Hassi R'Mel

Aikin da ake kira TSGP a taƙaice zai tashi ne daga yankin Warri, a kudancin Najeriya, ya hau arewa har Kano, ya shigo kudancin Nijar, ya bi ta jihar Agadas zuwa iyakar Aljeriya, ya ƙare a Hassi R'Mel, babbar mahaɗar bututun gaz ta Aljeriya. Tsawonsa ya haura kilomita 4,000, kuma sama da kilomita 800 daga ciki a ƙasar Nijar suke. An tsara zai riƙa ɗaukar gaz har mita kubik miliyar 30 a shekara. Kuɗin ginin da aka fi ambata shi ne miliyar 13 na dalar Amurka, wato fiye da ninki biyu na kasafin kuɗin Nijar na shekara guda.

Dalilin zaɓen Hassi R'Mel a fili yake. Daga can ne bututun Transmed ke tashi, ya bi ta Tunisiya zuwa Italiya tun 1983. Akwai kuma Medgaz, wanda ya haɗa gaɓar Aljeriya da Sifaniya kai tsaye ta ƙarƙashin teku tun 2011. Ke nan gaz ɗin Najeriya in ya isa can, ya tarar da hanya a buɗe.

A takarda aikin ya daɗe da haihuwa. A watan Janairun 2002 kamfanin NNPC na Najeriya da Sonatrach na Aljeriya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna ta farko. A 2006 kamfanin Penspen na Ingila ya kammala binciken yiwuwar aikin. Ranar 3 ga Yulin 2009 gwamnatocin ƙasashen uku suka sa hannu a Abuja. Daga nan sai aka ji shiru na tsawon shekaru. Maganar ta sake tashi a Yamai a watan Fabrairun 2022, aka sa hannu kan wata takardar a birnin Aljiyas a watan Yulin wannan shekara, sannan a Fabrairun 2025 ministocin uku suka sake haɗuwa a Aljiyas, aka ba Penspen aikin sabunta binciken da ya yi a baya.

A ɓangaren Najeriya an ga aiki a ƙasa. Bututun AKK, daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da gininsa a 2020 lokacin mulkin Muhammadu Buhari. An yi shi ne domin bukatar cikin gida ta arewacin Najeriya, amma shi ne kuma matakin da zai kusanto da gaz zuwa iyakarmu. Daga Kano zuwa iyakar jihar Damagaram ba nisa ba ne.

Wane gaz ake nufi?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Gaz ɗin da uwargida ke girki da shi a tukunyar ƙarfe, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke samarwa, butan ne. Ana matsa shi kaɗan ya zama ruwa, a ɗura a tukunya, a kai shi ko'ina a mota. Wanda zai bi cikin bututun Sahara kuwa metan ne, gaz mai sauƙi da ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi ƙwarai, har digiri 162 ƙasa da sifiri. Saboda haka hanya biyu ce kawai ake kai shi nesa: ko a tura shi cikin bututu da ƙarfin injunan matsi da ake girkawa a kan hanya, ko a mayar da shi ruwa a masana'anta a loda wa jiragen ruwa na musamman, kamar yadda Najeriya ke yi a tsibirin Bonny tun 1999.

Ma'anar wannan ita ce, ko da bututun ya wuce ta bayan garinku, ba zai cika tukunyar girkin kowa ba. Amfanin metan yana wasu wurare: tashar samar da wutar lantarki, masana'antar takin zamani irin yuriya, murhun kamfanin siminti irin na Malbaza, da motocin da aka juya injinsu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar jari na daban, da ƙaramin bututu na daban da zai tsinko gaz daga babban layi ya rage masa matsi. In babu su, gaz ɗin zai shigo ta kudu ya fita ta arewa, mu kuma mu tsaya kallo.

Me ya hana ruwa gudu?

Abu na farko shi ne mai saye. Babu bankin da ke ba da rancen miliyoyin daloli na bututu sai ya ga kwangila ta shekaru 20 ko fiye, wadda mai saye ya ɗauki alƙawarin biyan kuɗi ko ya ɗauki gaz ɗin ko bai ɗauka ba. Kafin yaƙin Rasha da Yukren, Turai na samun kusan kashi 40 cikin 100 na gaz ɗin da take shigowa da shi daga Rasha, kuma da araha, don haka ba ta matsu da na Afirka ba. Bayan Fabrairun 2022 ta shiga neman madadi ido rufe, abin da ya farfaɗo da maganar TSGP. Sai dai Tarayyar Turai ta ɗaukar wa kanta alƙawarin rage amfani da mai da gaz sosai kafin 2050. Bututun da zai ci shekaru ana gini, ya kuma ci wasu 20 kafin ya mayar da kuɗinsa, yana tsere ne da wannan wa'adi.

Na biyu shi ne gaz ɗin kansa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gaz a ƙarƙashin ƙasa, amma abin da ke ƙasa daban, abin da aka haƙo aka tace aka kai bakin bututu daban. Tashoshin lantarkin Najeriya, waɗanda yawancinsu da gaz suke aiki, sun sha tsayawa saboda ƙarancinsa, a daidai lokacin da ake ƙone wani a banza a rijiyoyin mai na yankin Neja Delta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kafin a cika bututun mita kubik miliyar 30, sai an zuba wani jarin mai yawa a rijiyoyi.

Na uku shi ne tsaro. Bututu ba ya gudu, ba ya ɓuya, kuma rami ɗaya ya isa ya tsayar da kilomita 4,000. A Neja Delta an daɗe ana fasa bututu. A Aljeriya, harin da aka kai wa masana'antar gaz ta In Amenas a Janairun 2013 ya nuna cewa ko ƙasar da ke da ƙarfin soja ba ta tsira ba. A Masar, an yi ta fasa bututun da ke ratsa Sinai a 2011 da 2012. Masu inshora da masu ba da rance suna lissafa duk wannan, kuma kowane haɗari yana ƙara wa aikin tsada.

Na huɗu shi ne siyasa. A Afrilun 2025, makonni kaɗan bayan sa hannun Aljiyas, rikicin jirgi marar matuƙi na Mali da sojojin Aljeriya suka harbo ya sa ƙasashen AES, har da Nijar, suka kira jakadunsu gida daga Aljeriya. Irin wannan tsamin dangantaka yakan zo ya wuce, amma bututu na shekaru 30 ne ko 40, zai ga gwamnatoci da yawa da saɓani da yawa.

Darasi daga waɗanda suka riga mu

Tunisiya ce misalin ƙasar da ta ci moriyar zama hanya. Tun da Transmed ya fara aiki, tana karɓar sama da kashi 5 cikin 100 na gaz ɗin da ya ratsa ƙasarta a matsayin haƙƙin wucewa, ko a ba ta gaz ko a ba ta kuɗinsa. Ban da wannan tana sayen ƙari daga Aljeriya, kuma da gaz take samar da kusan dukkan wutarta. Ta gina tashoshin da za su sha gaz ɗin, shi ya sa bututun ya zame mata abin dogaro.

Maroko ta ɗanɗana zaƙin da ɗacin duka. Bututun da ya haɗa Aljeriya da Sifaniya ta ƙasarta ya fara aiki a 1996. Tana karɓar nata kaso, tana kunna tashoshin Tahaddart da Ain Beni Mathar da shi. A watan Agustan 2021 Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Maroko, kuma da kwangilar ta ƙare ranar 31 ga Oktoban wannan shekara, ta ƙi sabuntawa. Tana iya yin haka ne saboda tana da Medgaz, hanyar da ba ta bi ta Maroko. Tashoshin biyu suka tsaya na watanni, sai a tsakiyar 2022 Maroko ta samu mafita: ta sayi gaz a kasuwar duniya, a sauke mata a Sifaniya, a turo mata ta wannan bututun, amma ta baya. Ƙasar da ake bi ta cikinta tana da daraja ne muddin mai kaya ba shi da wata hanya.

Misali mafi kusa da mu shi ne bututun Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, wanda ke bin gaɓar teku daga wajen Legas zuwa Takoradi a Gana, da rassa zuwa Kwatano da Lome da Tema. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa shi a gaɓar Togo. Gyaran ya ci kusan shekara guda. Tashar Sunon Asogli ta Tema, wadda a lokacin ba ta aiki da komai sai gaz, ta tsaya cik, Gana kuma ta shiga matsanancin ɗaukewar wuta da mutanenta ke kira dumsor. Tashoshin da ke iya komawa kan mai su suka ci gaba da aiki, duk da tsadarsa. Bayan an gyara ma matsala ba ta ƙare ba: gaz ɗin da ke isowa daga Najeriya ya sha kasawa da abin da aka yi alƙawari, ita kuma Gana bashin da ya taru a kanta ya sha janyo barazanar rufe famfo.

A Turai ma haka. A Janairun 2009 gardamar kuɗi tsakanin Rasha da Yukren ta sa aka tsayar da gaz kusan makonni biyu cikin tsananin sanyi, ƙasashe irin su Bulgeriya da Sulobakiya, waɗanda ba su da hannu a rigimar, su suka fi shan wahala. Jamus, wadda fiye da rabin gaz ɗinta daga Rasha yake zuwa, ta ga an fasa bututun Nord Stream a Satumban 2022, dole ta gina tashar sauke gaz na jiragen ruwa a Wilhelmshaven cikin ƴan watanni.

Abin da Nijar ta riga ta gani da idonta

Mutanen Nijar ba sa bukatar a ba su labarin dogaro da layi ɗaya. Kafin Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maradi da Damagaram. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba a mayar ba sai bayan ɗage takunkumin a 2024. Masu walda, masu niƙa, masu sayar da ƙanƙara da teloli sun san abin da watannin nan suka ci musu. Abin da ya rage raɗaɗin shi ne abin da ke cikin gida, kamar tashar Gorou Banda da sabuwar tasharta ta hasken rana mai megawat 30. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A 2024 kuma Nijar ta ga ɗaya fuskar, wannan karon a matsayin mai kaya. Bututun ɗanyen mai na Agadem zuwa Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara aiki ne a tsakiyar rikicin rufe iyaka. A watan Mayu Benin ta hana loda man na wani lokaci, a watan Yuni aka kama wasu ƴan Nijar a tashar Seme, Yamai ta rufe famfo, a cikin watan kuma aka kai wa bututun hari a cikin ƙasa. Wato cikin shekara guda Nijar ta ga yadda mai saye ke shan wahala in an yanke masa, da yadda mai sayarwa ke shan wahala in an tare masa hanya. Da TSGP za ta zauna a kujera ta uku, ta mai hanya.

Akwai abokin takara

Tun a Disamban 2016, lokacin ziyarar Sarki Mohammed na Shida a Abuja, Najeriya da Maroko suka sanar da nasu aikin: bututun da zai bi gaɓar Atlantika, ya ratsa ƙasashe 13, tsawonsa ya haura kilomita 5,600, kuɗinsa kuma kusan miliyar 25 na dala. Ya fi na Sahara tsawo da tsada, amma yana kauce wa yankunan Sahel masu fama da rashin tsaro, kuma CEDEAO ta sa masa hannu a 2022. Masu shi suna cewa za a yi rassa zuwa ƙasashen da ba su da teku, har da Nijar.

Dukkan ayyukan biyu daga rijiya ɗaya za su sha, kasuwa ɗaya kuma suke nufa. Najeriya na zaune a kujerun biyu, ga kuma jiragen ruwan Bonny a hannunta. Wannan yana nufin Nijar ba za ta iya tsuga kuɗin wucewa yadda ta ga dama ba. Amma tana da abin ciniki: hanyarta ta fi gajarta, ƙasashe uku ne kawai za su daidaita maimakon goma sha, kuma babu yadda za a yi a haɗa Kano da Hassi R'Mel a miƙe ba tare da an taka ƙasarta ba.

Tun ran gini, tun ran zane

To, me ya kamata mai karatu ya nema idan aka fito da yarjejeniyar ƙarshe? Abu na farko, haƙƙin wucewa: nawa ne, kuma da kuɗi za a biya ko da gaz? Ga ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki, zaɓin karɓar kason a gaz, kamar Tunisiya, na iya fin kuɗin da zai shiga baitulmali ya narke cikin sauran kashe-kashe.

Na biyu, wuraren tsinkar gaz. Dole a rubuta su da suna a cikin taswirar aikin tun farko, a kusa da inda jama'a da kasuwa suke, domin huda babban bututu bayan an binne shi yana da tsada kuma sai masu shi sun yarda. Na uku, tashoshi da masana'antun da za su sha gaz ɗin su kasance cikin shiri tare da bututun. Tashar wuta a jihar Damagaram ko Maradi, da masana'antar yuriya ga manoman albasar Galmi da masu noman rani, su ne za su mayar da gaz abinci da aikin yi. Kuma darasin Gana ya nuna gara tashar ta zama mai iya komawa kan wani man idan gaz ya yanke.

Na huɗu, me zai faru ranar da aka samu saɓani? Yarjejeniya mai kyau tana hana kowace gwamnati rufe famfo saboda rikicin siyasa, tana faɗin kotun da za ta raba gardama, tana kuma faɗin wanda za a fara rage wa idan gaz ya yi ƙaranci. In ba a rubuta ba, ƙaramin mai saye ake fara yanke wa, domin a cika wa babba. Na biyar, kuɗin tsaro: wa zai biya dakarun da za su gadi kilomita 800 na sahara? In Nijar ce za ta ɗauka ita kaɗai, zai iya cinye ribar wucewar. Na shida, mutanen kan hanya: diyyar gonaki, burtali da rijiyoyin makiyaya, da guraben aiki ga matasan garuruwan da bututun zai ratsa. Garin da ya ga amfanin bututu shi ne mai gadinsa na farko.

Akwai kuma batun hannun jari. Shiga cikin masu mallakar bututun ta hanyar SONIDEP yana ba ƙasa kujera a wurin yanke shawara da kaso a riba, amma yana zuwa da bashi. Wannan lissafi ne da ya kamata a yi shi a bainar jama'a.

Ko da an samu duk waɗannan, gaz ɗin na Najeriya ne, kuma ta iyaka ɗaya zai shigo, iyakar da wuta ta taɓa yankewa. Saboda haka bai kamata ya maye gurbin madatsar Kandaji, ko hasken rana, ko gawayin Anu Araren da Salkadamna ba. Ya zama ƙari a kansu. Ƙasar da ke da ƙofofi huɗu ko biyar na samun makamashi ita ce ba a iya kashe wa fitila da umarni ɗaya daga wani babban birni. Ranar da aka ga injunan haƙa a hanyar Agadas, lokacin ciniki ya riga ya wuce. Ana yinsa ne tun bututun yana kan takarda.